Wane Hon Ne Na Asali? Ciwon Kan Masu Farfaɗo da Tsofaffin Motocin Ingila

A wajen yawancin direbobinmu, hon abu ne da ba a tunawa da shi sai ranar da ya ƙi kuka. Ranar sai a biya wajen mai gyaran wuta, ya kwance mataccen, ya ɗaura duk wanda ya samu a shago. In dai yana da ƙara, magana ta ƙare. Wasu oda suke ce masa, 'yan uwanmu na Nijar kuma sukan ari sunansa daga Faransanci. To akwai wasu mutane a Ingila da Amurka da Ostireliya da za su kwashe watanni suna cigiyar hon guda ɗaya, tsoho mai tsatsa, su biya kuɗi mai tsoka, alhali ga sabo fil a kasuwa da ya fi shi ƙara kuma ya fi shi araha.

Waɗannan su ne masu farfaɗo da ƙananan motocin nan na shaƙatawa masu kujera biyu da Ingila ta yi fice da su bayan Yaƙin Duniya na Biyu: MG, Triumph, Austin-Healey, Jaguar. Burinsu ya wuce a ce motar ta tashi ta yi tafiya. So suke ta koma daidai yadda take ranar da aka turo ta daga masana'anta, tun daga kalar fenti har zuwa kan noti. Akwai gasanni da ake yi musamman don wannan, inda alƙalai ke buɗe bonet su leƙa ƙarƙashin mota, duk abin da suka tarar ba na zamaninta ba ne su zabtare maki. Hon kuwa yana cikin abubuwan da suka fi kayar da mutane, kuma dalilin haka yana da ban sha'awa.

Tushen rikicin shi ne masu ƙera motocin ba su suke ƙera hon ba. Masana'antar MG da ke Abingdon a wancan lokaci, kusa da Oxford, haɗa mota take yi. Kayan wuta kusan duk daga Birmingham suke zuwa, daga kamfanin Joseph Lucas. Dainamo, kik, kwayil, fitilu, injin waifa, hon, duk Lucas. Tsofaffin makanikanmu da suka yi zamani da Land Rover da Morris da Austin sun san sunan sarai. Su kansu Turawan suna da tsokanar da suke yi wa kamfanin, suna kiransa Yariman Duhu, wai don fitilunsa kan mutu a lokacin da aka fi bukatarsu. Abin lura a nan shi ne Lucas na sayar da hon iri ɗaya ga kamfanoni da dama, kuma yana ƙera iri-iri masu kama da juna a lokaci guda, na mota da na babur da na manyan motoci. Saboda haka ganin tambarin Lucas a jikin hon bai tabbatar da komai ba illa cewa daga Birmingham ya fito. Ga kuma wani kamfanin Ingila mai suna Clear Hooters da shi ma yake ba masana'antu hon, musamman a shekarun 1960. Ke nan har akwai motar da hon ɗinta na asali ma ba Lucas ba ne, mai ita ya cire shi ya sa Lucas yana ganin ya yi gwaninta.

Haka nan hon ɗin da mutum ya tarar a jikin mota ba shaida ba ne. Motar da ta shekara sittin ko saba'in ta ratsa hannaye da yawa. Hon a gaba yake zama, wurin da ruwa da laka da gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ke dukansa, kuma shi ne farkon abin da ke karyewa in aka yi karo. An sauya shi sau biyu ko uku ba abin mamaki ba ne, kuma wanda ya sauya shi a 1968 bai damu da tarihi ba, ƙara kawai yake nema, kamar dai direbanmu na yau.

Kafin a shiga lambobi, sai an san cewa hon ɗin nan gida biyu ne. A ciki dai aikinsu kusan ɗaya: in aka danna, wuta ta shiga naɗin waya ya zama mayen ƙarfe, ya jawo wani siririn faifan ƙarfe. Jawowar nan tana buɗe kwantak, wato mahaɗar wuta, sai wuta ta yanke, faifan ya koma wurinsa, kwantak ya sake haɗuwa. Wannan kai-komo yana faruwa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, shi ne kukan da kunne ke ji. Inda suka rabu shi ne yadda ake fitar da sautin. Gida na farko faifai ne zagayayye kamar marfin tukunya. A cikinsa ƙarfe ke dukan ƙarfe, ga kuma wani faifai na biyu a fuska da ke amsa amo, don haka kukansa siriri ne mai kaifi. Lucas na sa wa irin waɗannan lambar da ta fara da HF, kuma wanda ya fi suna cikinsu shi ne Altette. Gida na biyu shi ne Windtone, mai lamba WT. Shi babu duka a cikinsa. Faifan iska yake turawa ta cikin wani bututu da aka naɗe kamar katantanwa, ya buɗe baki a ƙarshe. Duk wanda ya san bambancin kakaki da algaita ya riga ya gane dabarar: gwargwadon tsawon bututu gwargwadon kaurin murya. Shi ya sa ake yin Windtone biyu-biyu, ɗaya mai kauri ɗaya siriri, an daidaita su yadda in suka yi kuka tare muryoyin za su dace. A cikin bakin kowanne akwai harafi, L ga mai kauri, H ga siriri. Sau da yawa mutum kan sayi guda biyu masu kyan gani, sai ya zo gida ya tarar duk L ne.

Mu ɗauki MG, don labarinta ya tattara kusan duk tarkon da ake faɗawa. MG TC, wadda aka yi daga 1945 zuwa 1949, kimanin guda 10,000, tana da Altette guda ɗaya a fili, ɗaure a kan sandar ƙarfen da ke gaban lagireto, fitilar hazo na ɗaya gefen. Ado ne a fuskar motar, mai baƙin jiki da zobe mai sheƙi. Wanda ya ga hotunan TC goma zai rantse haka kowace TC take. Amma a ƙarshen zamaninta an yi wasu kaɗan musamman don kasuwar Amurka, masu alamar EXU, waɗanda aka ƙara wa bamba da sigina, aka kuma ba su Windtone biyu a ɓoye ƙarƙashin bonet. Mai irin wannan motar in ya bi hotuna ya ɗaura Altette a gaba, ya yi kuskure, duk da cewa hon ɗin na TC ne na gaskiya. Da TD, wadda ta gaji TC, ta fito a 1950, sai Windtone biyu samfurin WT614 suka zama na kowa. Sai kuma MGA, daga 1955 zuwa 1962, ta zo da wani sabon salo: Windtone samfurin WT618, amma guda ɗaya tal. Na biyun sai mai saye ya nema ya biya. Madanninsa ma ba a sitiyari yake ba, a tsakiyar allon gaban direba yake. Daga baya MGB ta zo a 1962, aka koma ga samfurin 9H, wanda ya fi ƙanƙanta. Kamfani ɗaya, masana'anta ɗaya, cikin shekara goma sha bakwai an yi amsa huɗu ko biyar ga tambaya ɗaya. Austin-Healey 100 kuwa, da aka fara sayarwa a 1953, nata hon biyu ne amma daga gidan faifai, samfurin HF1748.

Ke nan sunan mota bai isa ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne wannan motar da ke gabanka: yaushe aka haɗa ta, kuma wace ƙasa aka nufa da ita. Batun ƙasa ba ƙarami ba ne, domin bayan yaƙi gwamnatin Birtaniya ta ɗaure rabon ƙarfe da yawan abin da kamfani ke fitarwa waje, shi ya sa mafi yawan waɗannan motoci ƙetare suka tafi, galibi Amurka. Wasu MGA ma a wargaje aka tura su cikin akwatuna aka haɗa su a Ostireliya da Afirka ta Kudu, inda akan cike wasu kayan da na gida.

Shaida ta farko takarda ce. A Gaydon, cikin yankin Warwickshire, akwai gidauniyar British Motor Industry Heritage Trust da ke riƙe da littattafan masana'antu na asali. Mutum ya ba su lambar shasi, su ba shi takardar shaida mai ɗauke da ranar da aka haɗa motar, ranar da ta bar masana'anta, inda aka aika ta, kalarta, wani lokaci har da ƙarin kayan da aka sa mata, kamar hita. Masu Jaguar suna da tasu gidauniyar daban. Da wannan rana a hannu sai a buɗe littafin kayan gyara na kamfanin, wanda ke nuna cewa daga shasi mai lamba kaza aka daina sa kaza aka koma kaza. Masana'antun nan ba sa jiran sabuwar shekara kafin su sauya abu. In tsohon kaya ya ƙare a sito ran Talata, motar Laraba da sabo za ta fita. Sai dai littafin ma yana da nasa tarko. Bugun da aka yi daga baya yakan goge tsohuwar lamba ya sa ta wanda ya gaje ta, domin an rubuta shi ne don mai shago ya san abin da zai sayar, ba don mai binciken tarihi ba. Wanda ya ƙware yakan nemi bugun da ya fi kusa da shekarar motarsa, ya kuma gwama shi da kundin Lucas na wannan lokaci.

Shaida ta biyu a jikin hon ɗin take, kuma a nan ne aikin ya fi daɗi. Lucas yana da wata ɗabi'a da ta zama alheri ga na baya: yana buga wa kayansa samfuri, da lambar kaya, da ƙarfin wuta, da kuma lokacin da aka ƙera shi. In ka goge datti a hankali za ka ga wasu ƙananan lambobi kamar 3 58, wato watan Maris na 1958. Daga baya kamfanin ya koma rubuta mako da shekara, don haka in lambar farko ta wuce 12, mako ake nufi. Hankali kuwa ya san hon ba zai girmi motarsa da shekara biyar ba, kuma ba zai zama ƙaninta ba. Wanda aka ƙera makonni ko 'yan watanni kafin ranar haɗa motar shi ne mai yiwuwa nata ne. Wanda aka buga wa kwanan da ya biyo bayan ranar da ta bar Abingdon, ko da wata ɗaya ne, daga baya ya shigo. Akwai kuma dabarar tambayar maƙwabta: a duba kwanan da ke jikin dainamo da kik da injin waifa. In duk suna faɗin farkon 1958, hon shi kaɗai yana faɗin 1964, ai baƙo ya tona kansa.

Wannan tambari shi ne abin da gaggawa ta fi lalatawa. Mutum ya ɗauki hon ya kai a wanke shi da feshin yashi don tsatsa ta fita, yashin ya cinye lambobin, ragowar kuma ya shige cikin katantanwa ya zauna. Ko a lafta masa fenti mai kauri har rubutun ya nutse. Masana'anta baƙin fenti ta shafa masa sama-sama, ba ta ɓata lokaci a kansa ba. Hon ɗin da ke walƙiya kamar madubi ya fi na asali kyau, kuma wannan kyan shi ne laifinsa a idon alƙali.

Shaida ta uku ita ce motar kanta, ramukanta da wayoyinta. Ƙarfe ba ya mantuwa. Ramin da masana'anta ta huda a tsaftace yake, yana wurin da ya dace. Wanda wani ya huda da hannu daga baya yakan karkace, bakinsa da kaushi. Wayoyi ma suna magana, domin Ingila tana da tsarin kala: a motocin shekarun 1950 wayar da ke kawo wa hon wuta ruwan ƙasa ce mai ratsin kore, wadda ke tafiya madanni kuma ruwan ƙasa mai ratsin baƙi, daga baya aka koma shunayya, da shunayya mai ratsin baƙi. Hon ɗin wancan zamani bakin waya biyu gare shi, wuta na zaune a jikinsa kullum, madannin atin kawai yake ba shi, wato ya haɗa shi da jikin ƙarfen mota. In ka ga hon mai baki ɗaya a tsohuwar MGA, ka san an yi wa wayarin kwaskwarima. Su kansu bakunan suna nuna shekaru: masu faɗin nan da ake turawa su shige, waɗanda Lucas ke kira Lucar, sai wajen 1960 suka yaɗu. Kafin nan wayar ƙarƙashin murfi take shiga. A MGA, akwatin fis guda biyu ne kacal, ɗaya mai lamba 35 na sauran kaya, ɗaya mai lamba 50 na hon, abin da ke nuna irin wutar da manyan Windtone ke ci.

Wani kuskure mai ban dariya na nan game da batir. MGA da MGB ta farko suna da batir biyu masu bolt 6 (bolt ma'aunin ƙarfin wuta ne) a bayan kujeru. Sabon shiga ya gani ya ce ashe motar bolt 6 ce, ya je ya sayi hon mai bolt 6. Alhali an jera su ne su ba da 12. Altette kuwa an yi shi da yawa don babura masu bolt 6, kuma a ido kusan ba ka raba su da na mota sai ka karanta tambari. Sa shi a TC, zai yi kururuwa na ɗan lokaci, sannan naɗin wayarsa ya ƙone. Batun ko batir ɗin gefen tarawa (+) ne ke jikin ƙarfen mota, kamar yadda aka saba a Ingila har wajen 1967, ko gefen ɗebewa (-), wannan bai dami hon ba. Ko ta ina wuta ta shigo zai yi kuka.

Sai kwafi. Kamfanin Lucas na asali ya haɗe da Varity a 1996, TRW ta Amurka ta saye su a 1999, sunan kuma ya ci gaba da yawo a kan kayan da wasu ke ƙerawa. A yau ana sayar da sababbin Altette da Windtone masu siffar na da. Ga wanda ke son ya hau motarsa ya sha iska, babu aibu a ciki. Amma ba su da kwanan wata irin na da, rubutun jikinsu yakan bambanta, murya kuma ba ɗaya ba. Ni a ganina gyara tsohon ya fi, kuma yawanci ba ya gagara. Abin da ke kashe su bai wuce kwantak da ya yi datti ba, ko tsatsa da ta riƙe faifai, ko takardar da ke tsakanin ƙarafa ta ruɓe. A WT614 da WT618 sukuru ɗaya ne ke riƙe da murfin, ka cire shi komai ya bayyana. 9H ne mai taurin kai, don da ribit aka rufe shi. Akwai kuma wani sukurun saiti da mutane ke murɗawa suna zaton zai sauya murya. Ba ya sauyawa. Aikinsa kawai ya cike cin da kwantak ya yi. Muryar tana cikin bututu da faifai tun daga masana'anta. Har ƙarfen da ake ɗaure hon a kai yana da ruwa a cikin sautin: an yi shi da 'yan siraran ƙarafa masu lanƙwasa don hon ya samu damar karkarwa. A ɗaure shi kam a kan ƙarfe mai tauri, sai ka ji muryar ta shaƙe, mutum ya yi ta zargin hon ɗin da bai yi laifi ba.

Akwai masu ɗaura wa waɗannan motoci Klaxon, mai kukan nan na "a-uuga", suna ganin duk tsohuwar mota haka take kuka. Wannan ƙirar Amurka ce ta wajen 1908, mai ɗan injin da ke juya haƙora suna karce faifai, kuma sunanta ne ya zama kalmar hon a Faransanci. Kafin a yi TC an daɗe da wuce yayinta. Dokar Birtaniya ta yau ba ta matsa wa tsofaffin motoci ba: sharaɗin cewa kukan hon ya zama ɗaya miƙaƙƙe ya shafi motocin da aka fara hawa daga Agustan 1973 ne, kuma tun 2018 yawancin motocin da suka haura shekara 40 an ɗauke musu gwajin lafiya na shekara-shekara. Don haka ba hukuma ke hana Klaxon ba, tarihi ne bai yarda da shi ba.

Inda nake ganin maganar ta fi wuya shi ne abin da mai motar na farko ya ƙara da hannunsa. A shekarun 1960 samari da yawa sun ɗaura wa motocinsu hon ɗin iska na Italiya, irin su Fiamm, masu ƙaho biyu ko uku da ɗan famfo. Ba daga Abingdon suka zo ba, amma sun shekara sittin a jikin motar, sun zama wani yanki na rayuwarta. Mai shiga gasa dole ya cire. Wanda ya gaji motar daga mahaifinsa, kuma wannan kukan ne ya tashi yana ji a ƙofar gida, ban ga dalilin da zai sa ya cire don ya faranta wa alƙalin da ba zai taɓa gani ba. Haka kuma ina ganin an wuce gona da iri in mutum ya samu samfurin da ya dace, lamba ta dace, shekara ta dace, amma ya ƙi shi don watan ya yi nisa da makonni shida. Irin wannan zafin nema ne ke buɗe wa 'yan damfara ƙofa, su goge tsohon kwanan wata su buga wanda mai saye ke so.

A koma kan MGA mai hon ɗaya. Yawancin waɗanda aka farfaɗo da su yau biyu ake gani a jikinsu, domin biyun sun fi daɗin ji, kuma ido ya fi son abu ya daidaita hagu da dama. In takardar Gaydon ta ambaci hon biyu, an huta. In ta yi shiru, to ba a gama ba, don dillalai ma sukan ƙara na biyun kafin mai saye ya ɗauki mota. Sai a durƙusa a duba ɗaya gefen: akwai sawun noti a ƙarƙashin tsohon fenti? Akwai ragowar waya da ta tsallaka? In fentin masana'anta na nan lafiyayye babu ko ƙwarzane, motar da murya ɗaya ta fito. Masu tsananin bin asali a nan sukan ɗaura guda ɗaya su shiga gasa da shi, na biyun kuma ya zauna a kwali cikin gareji, a ciro shi in an tashi doguwar tafiya.